Wasan da ba a ramawa ba wasa ba ne

Ranar Asabar da dare muna zaune a fadarmu nan Kara-Kara, shayi na kan wuta, sai wani ya miƙo mini waya yana dariya har da riƙe ciki. Bidiyon wata yarinya ne tana rawa a wurin biki. An yanko shi, an ɗora masa kukan akuya, an rubuta a ƙasa: "Matar wani ce fa gobe." Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi dariya. Sai da na sake kallo na gane ta: ƙanwar abokinmu ce. Yau kwana huɗu ke nan ba ta leƙa lakwal ba, ko ɗibar ruwa ba ta fita.

Abin da ya hana ni barci shi ne, mu ƴan Kara-Kara mun fi kowa sanin ɗacin wannan dariya. Unguwarmu wuri ce da aka ware wa kutare a gefen gari tun zamanin kakanni. Har gobe in ka faɗi daga inda ka fito, wani sai ya laluba aljihunsa ya ce "ɗan palais ne". In ka ɓata rai a ce ai wasa ne. Sai da ɗiyar Damagaram, Aïcha Macky, ta shigo da kyamara ta yi fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, sannan wasu suka yarda cewa mutane ne a nan, masu zuciya da yunwa da nadama. Mace ce ta yi mana wannan. To mu da me muke sakawa matan?

Kada wani ya ce mini ban san wasa ba. Mu ne masu wasa. Tsakanin Barebari da Fulani, tsakanin taubasai, ana tsokana har da hawaye, kuma a 2014 UNESCO ta saka wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya. Amma taubasantaka na da ƙa'ida: ido da ido ake yi, wanda ka tsokana yana ramawa, in an gama a ci tuwo kwano ɗaya. Yanzu ku faɗa mini, yarinyar nan wa za ta rama wa? Mutum ɗari uku da ke gurup ɗin WhatsApp? Ko wanda ya ɓuya bayan hoton zaki a TikTok?

Haka muke yi ko da taurarin da muke cewa muna so. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙa da ta fito tare da ClassiQ. Su biyu ne a bidiyon, amma sunan wa ya kwana a bakin mutane? Namiji in ya yi tuntuɓe, masoyansa su ce ɗan Adam ajizi ne. Mace in ta yi, masoyanta ne farkon masu yanka hotonta. Wannan ba so ba ne, mallaka ce.

In kuma wata ta yi ƙarfin hali ta rubuta a Facebook cewa abin bai dace ba, amsa ɗaya ce: "ƴar feminis", "don ba ta samu miji ba". Haka aka yi wa matan da suka buɗe baki da #ArewaMeToo a 2019. Ba wanda ya tsaya kan abin da suka faɗa, sai kan fuskarsu da ɗankwalinsu. A ƙasar da UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, mata suna da abin faɗa da yawa. Dariyarmu ta zama kwaɗon da muke kulle musu baki da shi.

Dokar laifukan intanet tana nan tun 2019, amma ba jandarma ne zai gyara mana gurup ba. Mu ne. Kafin ka tura, tambayi kanka: in tana zaune gabana zan iya kunna mata wannan? Tana da bakin ramawa? In amsar a'a ce, to goge, ka kuma faɗa wa wanda ya turo, a cikin gurup ɗin, ba a keɓe ba.

Ni na yi haka jiya. Mutum biyu sun ce na cika zaƙewa, ɗaya ya goge nasa. Yau da la'asar zan je gidan abokin nan in ba ƙanwarsa haƙuri, don ni ma na yi dariya. Wanda ke fadar a daren nan, ya san inda zai same ni. Mu tafi tare.