Tuwon Ƙasa Ma Karatu Ne



Maganganu uku ƙaramin yaro ya fi ji a gidajenmu: "bari", "ajiye", da "kawo in yi maka". Yana kokawa da takalminsa, mun karɓe saboda muna sauri. Ya ɗauki cokali zai ci da kansa, mun ƙwace don kada ya ɓata riga. Ya zauna yana kwaɓa ƙasa, mun daka masa tsawa. Duk cikin ƙauna muke yi, amma ranar da ya kai shekara bakwai bai iya sa maɓallin rigarsa ba, mu ne kuma za mu ce ya sangarce.

A shekarar 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yara, aka ajiye kayan aiki inda hannunsu zai kai, kowa ya zaɓi abin da zai yi. Sai ta lura idan yaro ne ya zaɓi aiki da kansa, yakan yi ta maimaita shi ba gajiya har ya iya. A yau sunanta na jikin allunan makarantu masu tsada a biranenmu, alhali ginshiƙin tsarin ba kuɗi ba ne, haƙurin babba ne.

Wannan darasi ya daɗe a tsakar gidajenmu. Yaran da ke tuwon ƙasa a gwangwanin madara su ke yanke wa za ta zama uwa, wa zai je cefane, yadda za a raba. Nan suke koyon magana, da jiran layi, da sasantawa in an yi faɗa. Carafke na haɗa ido da yatsu. 'Yar gala-gala da langa na koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Mai haɗa motar kara in tayar ta fita, shi zai nemo dabara. Babu babban da ya tsara musu ko ɗaya.

Ta fuskar lafiya ma haka ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana. Ta ce kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya ga mai shekara 2 zuwa 4, wanda bai kai biyu ba kuwa a bar shi ba kallon. Sannan yatsun da za su riƙe fensir gobe, da kwaɓa da tsinta da yaga takarda suke yin ƙwari. Don haka in za ku sa ɗan shekara uku a nazare, kada ku tsaya ga yawan aikin gida. Ku tambaya: minti nawa suke yi a waje, kuma wa ke zaɓar wasan?

Sai dai barin yaro ya jagoranci wasansa ba sakaci ba ne. Mu da ke aikin jinya mun san abin da ke kawo yara ɗakin gaggawa: kananzir da aka zuba a robar lemo, maganin da aka bari a bakin gado, tukunya mai zafi, rijiya a buɗe. Bokiti ɗaya na ruwa ya isa ya halaka mai tatata. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, in ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona shi cikin awa biyu. A garzaya asibiti nan take. Gyaɗa da duwatsun carafke ba na wanda bai kai shekara uku ba ne. Ƙasar wasa kuma ta zama babu kashin dabbobi, a wanke hannu da sabulu in an gama. Aikinmu ke nan: mu gyara wuri, mu zauna kusa, mu sa ido.

A wannan makon ku gwada abu uku. Ku ajiye kwando a ƙasa da murafan roba, gwangwanayen da ba su da kaifi da tsummoki, ku bar shi da su. Ku fito da riga biyu ku ce ya zaɓa. In kuka ga yana fama da abu, ku ƙirga goma a zuci kafin ku ce, "In taimaka maka?" In ya ce a'a, ku ƙyale shi, ko da takalmin ya sa a juye.

Allah Ya raya mana su, Ya shirya mana su. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.