Maƙwaƙƙwafi ma yana da ɗan ci-rani

Jiya da hantsi, a bayan shagona a Kumasi, muka ji ƙwas-ƙwas a jikin mangwaro. Autata ta ce, "Baba, wannan ma baƙo ne irinmu?" Ashe a makaranta aka kira ta baƙuwa, alhali a nan aka yanke mata cibiya.

Na ce a'a, maƙwaƙƙwafi ɗan gida ne. Danginsa sun haura iri 200 a duniya, amma babu su a Ostireliya da Madagaska, kuma galibinsu ba sa ƙaura.

Sai dai fa akwai ɗan ci-rani a cikinsu. Ƙarami ne, kalar ɓawon itace, in ya tsorata sai ya dinga murɗa wuya kamar maciji. A Turai yake ƙyanƙyasa. Da sanyi ya kama can, sai ya ƙetaro Sahara ya ci rani tsakanin Senegal da Habasha, yana tsintar tururuwa. Abin dariyar ma, ba ya sassaƙa ramin kansa, na wani yake shiga. Ɗan haya ke nan, irina.

Ta yi jim, ta ce, "To shi ina ne garinsu?" Sai ga mai sayen atamfa ya yi sallama. Har yanzu tana bina bashin amsa.