Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 Ga shi hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Kaduna tun daga Kawo har bakin kogi, ga jarrabawa kuma ta ƙarato. Duk wanda ya ratsa ta ɗakunan karatu da tsakar dare a 'yan kwanakin nan zai tarar da mu jingim, kowa da goro ko kofi a gefe, ido ya yi ja wur, ana ta tura karatun wata uku cikin kai a dare uku. Mu da muke karatun fannin lafiya, musamman waɗanda yanzu muke kan darussan huhu da kula da numfashi, mun ga ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a wannan fili kafin wani ya faɗa mana. Gaskiyar kuwa ita ce, irin wannan karatu yana iya fitar da mu daga jarrabawa, amma ba zai tsaya mana ba ranar da za mu tsaya a bakin gadon majiyyaci.

Bari mu fara da abin da ya faru a gaban idonmu. Wata safiya, a wani asibiti da muke zuwa koyon aiki, babban likita yana zagayen duba majiyyata, sai muka iso gadon wani yaro ɗan shekara biyu mai tari da zazzaɓi, uwarsa tana zaune a gefe ta yi tagumi. Likita ya juyo ya dubi ɗaya daga cikinmu, wanda kowa ya san yana cikin masu cin jarrabawa da maki mai yawa, ya ce masa, "Ƙirga mini numfashin yaron nan, ka gaya mini ko ya yi sauri." Ɗan'uwanmu ya dubi agogo ya ƙirga daidai, ya ce 52 a minti ɗaya. Da aka zo kashi na biyu na tambayar sai ya yi tsit. Mu ma da muke bayansa kowa ya sunkuyar da kai, alhali kuwa ba a fi mako shida ba da muka rubuta wannan amsa a takarda. Nas ɗin da ke riƙe da fayil ce ta fitar da mu kunya, ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ya wuce 40, ya yi sauri."

Ma'aunin nan ba wani abu ne mai wuya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi yadda ko ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai riƙe: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti, daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. In yaro mai tari ya kai wannan, to a yi zaton ciwon nimoniya, watau sanyin haƙarƙari, cutar da hukumar ta ce ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a duniya a shekarar 2019 kaɗai. Mun haddace lambobin nan a dare guda, mun zube su a takarda, mun fito mun bar su a zauren jarrabawa kamar wanda ya manta takalminsa.

Ya kamata mu tuna irin aikin da muke shirin ɗauka. A Amurka da Kanada kula da numfashin majiyyaci sana'a ce mai zaman kanta, da makarantunta da takardar shaidarta. A nan ƙasar kuwa yawanci likitoci da nas-nas da masu sa barci a ɗakin tiyata da ma'aikatan sashen gashi su ne suke raba aikin a tsakaninsu, saboda haka ba wanda zai ce ba ruwansa. Ga Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, ga ƙurar hunturu da ke tayar wa masu asma da ciwonsu kowace shekara, ga hayaƙin itace a madafan iyayenmu mata. Cutar korona ta shekarar 2020 kuma ta nuna wa kowa darajar tukunyar oksijin da ta mutumin da ya san yadda ake sarrafa ta. Sauran cututtuka da yawa suna ba likita damar ya koma ofis ya buɗe littafi. Numfashi ba ya ba da wannan dama, domin in ƙwaƙwalwa ta rasa oksijin na minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa ke nan. Abin da yake cikin kanka da hannunka a wannan lokaci, shi kaɗai ne ilminka.

Akwai wani labari na tarihi da ya kamata kowane ɗalibin lafiya ya sani. A shekarar 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhagin na ƙasar Danmak. Cutar tana shanye naman jikin da ake numfashi da shi, kuma daga cikin majiyyata 31 na farko da numfashinsu ya shanye a asibitin Blegdam, 27 sun rasu. Wani likita mai sa barci, Bjørn Ibsen, ya lura cewa abin da ke kashe su shi ne iskar kabon da ke taruwa a jini saboda huhu ba ya iya fitar da ita. Ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa tura iska da jakar roba da hannu. Da yake ba na'urorin da za su wadatar, sai aka kira ɗalibai, kimanin 1,500, suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar nan, har tsawon watanni. Mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma daga wannan aiki ne aka samo asalin ɗakin kulawa ta musamman da muke gani a manyan asibitoci yau. Likitocin da suke wurin kafin Ibsen ba jahilai ba ne, sun ga sakamakon gwajin jini iri ɗaya da wanda ya gani. Shi dai ya fahimci abin da lambobin suke nufi. Ɗaliban nan kuwa sa'o'inmu ne, kuma ba wanda ya tambaye su makin da suka ci kafin ya miƙa musu ran mutum.

To, yaya za mu yi karatu yadda zai zauna? Masana sun daɗe da binciken wannan. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta daga sabon karatu yana zubewa ne cikin sa'o'in farko da kwanan farko, kuma in aka koma aka bita bayan tazara, mantuwar tana raguwa. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai kashi biyu: wasu suka yi ta maimaita karanta darasi, wasu kuwa suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin fito da shi da ka. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu sun tsere musu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya kawo karatun da ka, kuma mahaddaci ba ya rabuwa da tilawa. Ashe abin da muke kira hadda a daren jarrabawa ma ɓata sunan hadda ne.

Saboda haka ga abin da muke ba kanmu shawara. Laccar yau a bita ta yau, ko da na rabin sa'a ne, sa'an nan a koma mata bayan kwana uku, a sake komawa bayan mako guda. In an gama karanta shafi a kife littafin, a ɗauki farar takarda a zana huhun dama da sassansa uku, na hagu da sassansa biyu, a bi iska daga hanci har ƙananan jakunkunan da take haɗuwa da jini, a bayyana wa kai dalilin da ya sa mai lafiya yake nuna kashi 95 cikin 100 ko fiye a 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, da dalilin da ya sa ga mai tsohon ciwon toshewar huhu ake neman 88 zuwa 92 kawai. Wanda ya san dalili ba ya bukatar haddace lambar sau goma. Mu kuma haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu muna yi wa juna tambayoyi da baki, gama wanda ya iya koya wa abokinsa shi ne ya iya. Kada kuma mu guje wa ɗakin majiyyata da sunan muna karatun jarrabawa. Kukan ƙirjin mai asma, in ka sa abin sauraro ka ji shi sau ɗaya, ya fi shafi goma zama a kai. Gani ya kori ji.

Sai maganar barci, wadda muka fi rainawa. Mu da kanmu muke koya cewa baligi yana bukatar kamar sa'a 7 a dare, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, amma mu ne kan gaba wajen kwana a zaune. Goro da kofi suna buɗe ido, ba sa buɗe fahimta. Abin da ya fi wannan muni shi ne masu neman ƙarfi ko natsuwa a wurin ƙwaya. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a nan Arewa. Kodin da tiramadol dangin juna ne, kuma duk ɗalibin wannan fanni ya san babban haɗarinsu shi ne danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa. Abin kunya ne a ce mai koyon ceton numfashin wasu shi ne yake wasa da nasa.

Ko fargabar zauren jarrabawa ma, karatunmu ya bayyana ta. In tsoro ya kama mutum sai ya riƙa numfashi da sauri, iskar kabon ta ragu a jininsa fiye da kima, jijiyoyin jinin kai su tsuke, sai ya ji jiri, yatsunsa su yi ta tsirawa, ya ga kamar duk abin da ya karanta ya gudu. Maganinsa a ajiye biro na minti ɗaya, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a tsawon da ya fi na jan. Wanda ya gwada ya san yana aiki.

Mun san wani zai ce, "Kuna magana kamar ba a ƙasar nan kuke ba." Yana da gaskiyarsa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma bayan irin wannan hutun dole akan matse zangon karatu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya zama nauyi ga mai zuwa daga Rigasa ko Mando kullum. Akwai mai tsare wa mahaifinsa shago a kasuwa da yamma, akwai 'yar'uwarmu da ba ta buɗe littafi sai ta sauke tukunya ta kwantar da yara, ga wuta da ba ta da tabbas. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma in aka duba da kyau, su ne ma hujjarmu. Wanda lokacinsa kaɗan ne shi ya fi bukatar hanyar da ba ta ɓarnar lokaci, kuma rabin sa'a kullum ya fi sauƙin samu bisa dare uku cur. Katin tambayoyi a aljihu yana karantuwa a cikin Keke Napep. Ku ma yayyenmu da kuke tashi daga sakatariya ku wuce ajin yamma, ko kuke shirin jarrabawar ƙarin girma, wannan magana ta shafe ku.

Ƙungiyar ɗalibai ma tana da nata rabon aikin. Muna roƙon shugabanninmu su nemi a riƙa fitar da jadawalin jarrabawa da wuri, su nemi a ƙara nauyin makin gwajin aiki da hannu yadda ɗalibi zai ga ribar zuwa ɗakin majiyyata, su kuma shirya na gaba da mu su riƙa zama da na baya sau ɗaya a mako. Ɗaki guda mai fitilar sola da zai kasance a buɗe har ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba zai fi ƙarfin ƙungiya da tsofaffin ɗalibai ba. Wanda kuma ya faɗi wani darasi ya samu kari-oba, kada mu mai da shi abin nuni; mu jawo shi cikin rukuninmu, domin shiru da kaɗaici su ne suke karya ɗalibi fiye da faɗuwar kanta.

Babban asibitin koyarwa na cikin garin nan yana ɗauke da sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya. A zamaninsa ana ƙirga likitocin Arewa da yatsu. Yau muna da yawa, amma har yanzu ba mu ishi jama'a ba, kuma da yawa daga cikinmu za a tura mu inda ba wani babba da za mu juya mu tambaya da ƙarfe biyun dare. Uwar da za ta kawo ɗanta yana haki ba za ta nemi ganin sakamakonmu ba, za ta dai miƙo shi ta zuba mana ido. Jarrabawar wannan zango saura 'yan makonni, wanda bai fara bita ba ya fara yau da laccar yau. Allah ya ba mu sa'a, ya sa abin da muke koyo ya amfani jama'a, amin.