A yafe tara, kada a yafe diyya

Ƴan uwa makiyaya da fataken dabbobi, akwai wata doka a ƙasar Amurka da ya kamata mu san da ita. Dokar ta ce idan kamfani ya binciki kansa, ya gano ya gurɓata ruwa ko ƙasa ko iska, sa'an nan ya kai kansa gaban hukuma, ana iya yi masa sassauci ko a yafe masa tara.

Jihar Oregon ce ta fara a 1993, inda ta ba kamfanoni damar ɓoye rahoton binciken da suka yi wa kansu. Colorado ta biyo a 1994, Texas a 1995, suka haɗa da yafe hukunci. Daga baya jihohi fiye da 20 suka yi irin wannan doka. Hujjarsu ita ce, masu sa ido na gwamnati ba su da yawan da za su leƙa kowace masana'anta, kuma wanda ya san za a hukunta shi in ya faɗi gaskiya, shiru zai yi.

Ba mu ƙi wannan hujja gaba ɗaya ba. Mu da ke shayar da bisashe a tabki da rijiya mun san amfanin jin labari da wuri. In an faɗa mana yau cewa mashaya ta ɓaci, gobe mun kaɗa garke mun sake hanya. In an yi shiru, sai mun ga shanu suna ɓari suna faɗuwa.

Amma sassauci yana da iyaka. Hukumar kare muhalli ta tarayyar Amurka, EPA, ta fito da nata tsari a 1995, ta gyara shi a 2000. Ta ce kamfani ya kai rahoto cikin kwana 21 da gano laifin, ya gyara cikin kwana 60. Wanda ya maimaita laifi ɗaya a wuri ɗaya cikin shekara 3 ba ya samun sassauci, haka ma wanda laifinsa ya jawo mummunar ɓarna. Ribar da ya ci ta hanyar ƙin bin doka kuwa, hukuma na da ikon karɓe ta. Kuma EPA ba ta yarda da ɓoye rahoto ba.

A nan muka tsaya. Tara kuɗin gwamnati ce, in ta ga dama ta yafe. Diyya kuwa haƙƙin mai saniya ce, ba wanda zai yafe ta a madadinsa.

Ɓoye rahoton shi ne abin da ya fi ba mu tsoro. A jihar West Virginia, wani mai kiwon shanu da ke kusa da wurin zubar da sharar kamfanin DuPont ya rasa shanu fiye da 100. Ya kai ƙara a 1999. Da kotu ta tilasta wa kamfanin fito da takardunsa, sai aka ga ya daɗe da sanin haɗarin wani sinadari mai suna PFOA. A 2005 kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 16.5 saboda rashin sanar da hukuma. Makiyayi ba shi da ɗakin gwaji. Shaidarsa tana cikin akwatin wanda ya cuce shi, in doka ta kulle akwatin, shari'a ta ƙare.

Kada mu ce abin yana nesa. A Cadi, gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin man Sin, CNPC, a 2013 saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, kuma a 2014 aka daidaita kan dala miliyan 400. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, duk ranar da aka kawo irin wannan doka gaban majalisunmu, ga sharuɗɗanmu. A sanar da sarakuna, arɗo-arɗo da masu kiwo a rana ɗaya da hukuma, ta rediyo, da Hausa da Fulfulde da Tamashek. A shinge wurin, a samar da wata mashaya har a gama gyara. Likitan dabbobi ya duba garken da ya sha ruwan, kamfani ya biya. Rahoto ya zama a buɗe ga kotu. Fatake ma su sa baki, domin jita-jitar guba kaɗai ta isa ta karya farashi a kara.

Wanda ya faɗi gaskiya da wuri, a sauƙaƙa masa. Amma ya biya mai dukiya tukuna. Allah ya kiyaye mana bisashenmu, amin.