Kotun Ankara Ta Shigo Ɗaki, Mu Muna Zaure Muna Musu

Jama'ar zango, ku yi haƙuri da ni yau, maganar da zan yi ba mai daɗi ba ce. Akwai wata ƙarya da muke yi wa kanmu a Kumasi, daga Aboabo har Asawase da Sabon Zango: wai abin da manyan kotunan Gana suke yankewa bai shafe mu ba, mu Musulmi ne, aurenmu da sakinmu da gadonmu duk suna hannun malamai. Ni ma na sha faɗin haka a teburin mai shayi. Sai da abin ya faɗo cikin gidanmu bakina ya mutu.

Yayata atamfa take sayarwa a Kejetia, tun kafin a rushe tsohuwar tasha a gina wannan ƙatuwar kasuwa. Shekara 19 ta yi a ɗakin mijinta. Filin da suka saya, da kuɗin adashinta aka cike shi, kuma kwanon rufin kaf ita ta saya. Amma takarda sunan miji kaɗai ta ɗauka, don wace mace ce a zango za ta ce wa maigida a sa sunanta? Da ya sake ta, dattawa suka taru a zaure suka ce ta gama idda ta kwashe kayan ɗakinta. Na ce wa malamin da ya jagoranci zaman, "Allah gafarta Malam, kuɗin da Yaya ta zuba a ginin fa?" Ya ce, "Ɗana, mace ba ta raba gida da miji. Ta yi haƙuri, Allah zai saka mata." Da ta ambaci kotu kuwa, sai aka yi mata ca: uban 'ya'yanki za ki kai gaban arna?

To, bari mu ga abin da "arnan" suka ce. A 1959, a shari'ar Quartey da Martey, Mai Shari'a Ollennu ya yanke cewa a bisa al'ada wajibin mace ne ta taya mijinta nema, kuma abin da aka samu na miji ne. Ku lura da kyau: hukuncin da dattawanmu suka yanke wa Yaya ba daga Risala ya fito ba, ba kuma daga Askari ba. A Musulunci dukiyar mace tata ce, ko sisi miji ba ya ci sai da yardarta. Abin da suka yanke ya fi kama da wancan tsohon hukuncin al'ada, wanda kotunan da kansu suka daɗe da yar da shi. An dai naɗa masa rawani ne kawai.

Tsarin mulkin 1992, a sashe na 22, ya ce dukiyar da ma'aurata suka tara tare a raba ta da adalci idan aure ya mutu. A 2012 Kotun Ƙoli a Ankara, a shari'ar Mensah da Mensah, ta ce girki da wanki da renon yara ma gudummawa ce, ba sai mace ta kawo rasit ba, kuma a irin wannan rabo raba-daidai shi ne adalci sai in an ga dalilin da ya hana. A 2013, a shari'ar Arthur da Arthur, ta ƙara da cewa abin da aka mallaka a cikin aure za a ɗauka na su biyu ne har sai an kawo hujjar da ta rushe hakan. Daga baya kuma ta ja da baya kaɗan. A shari'ar Fynn ta ce miji ko mata na iya mallakar abinsa shi kaɗai ko da yana cikin aure, a 2021 kuma, a shari'ar Adjei da Adjei, ta ce ginin da mutum ya yi da bashin da ya ciwo shi kaɗai, bai gama biya ba, bai shiga dukiyar da za a raba ba.

Ba na cewa duk wannan daidai ne. Ni kaina raba-daidai a kowane hali bai kwanta mini ba, kuma kotun tana tangal-tangal, yau nan gobe can. Dalili kuwa a fili yake: tsarin mulki ya umarci Majalisa ta yi dokar dukiyar ma'aurata ba da jinkiri ba, ga shi an haura shekara 30 ba ta yi ba, an bar alƙalai suna ɗinki ba awo. Amma ku dubi sunayen: Mensah, Arthur, Fynn, Adjei. Da rigimar gidajen wasu ake yanka rigar da za a sa mana. Mai mata uku fa, da wace za a raba gidan da aka gina kafin a auro amarya? Wa zai tayar da wannan tambaya in ba mu ba? Maroko, 'yan Malikiyya irinmu, tun 2004 suka sa a dokarsu ta iyali cewa ma'aurata na iya rubuta yarjejeniya kan dukiyar da za su tara. Su ma arna ne?

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne rajistar aure. Tun 1907 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar auren Musulmi, kuma tana nan har gobe: cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da gwamnati ta ba lasisi su je a yi rajista, in ba haka ba doka ba ta san shi a matsayin auren Musulunci ba. Iyakar alfarmar da kotu kan yi masa ita ce ta karɓe shi a matsayin auren al'ada. Mai karatu, ka bi layinku ka tambayi magidanta, ka ga nawa ne za su nuna maka takarda. Muna kashe dubban sidi a kan lefe da anko da makaɗa, amma zuwa ofis na rabin yini ya gagare mu.

Maza kuma masu murmushi, suna cewa ai wannan matsalar mata ce, su saurara. Tun 1985, zamanin Rawlings, Doka ta 111 ta soke sashen da ya ce a raba gadon mai rajistar auren Musulunci bisa Shari'a. Yanzu wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, gida ɗaya da kayan cikinsa na mata da 'ya'ya ne, sauran kuma a kasa 16: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyaye, biyu bisa al'ada. Babu tumuni, babu namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Rabon da malam ya yi a zaure yana tsayawa ne muddin kowa ya yarda. Ranar da magaji ɗaya ya ɗauki lauya, an gama. Mai son a bi fara'ili a dukiyarsa, dokar wasiyya ta 1971 ta ba shi hanya: ya rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu. Ka kuma sani, dokar filaye ta 2020 ta hana ka sayar da filin da aka saya a cikin aure sai da yardar matarka a rubuce. Sau nawa ka ji wannan a huɗubar Juma'a?

Haka abin yake a ɓangaren laifi. A 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta haramta beli a wasu laifuffuka. A 2019 ta ce awa 48 da aka ba 'yan sanda su kai wanda suka kama kotu ta haɗa da Asabar da Lahadi da ranar hutu. Yaranmu ne ake kwasa ranar Juma'a da yamma, iyayensu mata kuma suna zaune suna jiran Litinin, don ba wanda ya gaya musu.

Don haka ina tambayar sarakunan zango da limamanmu, da girmamawa: me ya hana kowane masallacin Juma'a a Kumasi ya samu limami mai lasisi da littafin rajista? Muna da lauyoyi 'ya'yan zango, me ya hana a ba su minti goma bayan sallah su yi bayani da Hausa? Wa ya rubuta wa Majalisa matsayinmu kan dokar dukiyar ma'aurata?

Yaya ba ta je kotu ba. Ta ce ba za ta iya da bakin mutane ba. Ɗaki ɗaya take haya a Sawaba, kullum da asuba tana kan hanyar Kejetia. Wata mai zuwa za ta aurar da 'yarta ta fari, kuma ta riga ta aika wa limamin unguwa cewa ba za a raba goro ba sai ta ga lasisinsa da idonta. Har yau bai ba da amsa ba.