Sharhi: Karatun 'Ya Mace a Ruwan Godiya da Kewaye

Sharhinmu na yau ya leƙa Ruwan Godiya a ƙaramar hukumar Faskari ta jihar Katsina, da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa, domin duba halin da karatun 'ya'ya mata yake ciki.

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnatin jihar Katsina ta rufe makarantun kwana. A Fabrairun 2021 kuma aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara. Tun daga nan hankalin iyaye bai kwanta ba.

Maza aka sace a Ƙanƙara, amma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Idan makaranta ta rufe ko hanya ta yi hatsari, uba kan tura ɗansa namiji wurin dangi a Funtuwa ko Malumfashi ya ci gaba da karatu. Ita kuwa 'yar, sai a ce ta zauna gida har ƙura ta lafa. Kafin a ankara an ɗora mata farantin dafaffiyar gyaɗa ko bokitin awara, tana talla ana tara kuɗin kayan ɗaki. Shekara ɗaya ko biyu, sai a sa rana.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Alƙaluman UNESCO sun nuna 'yan mata sama da miliyan 120 ba sa zuwa makaranta a duniya. A Afganistan, tun 2021 'yan Taliban suka hana mace wuce aji shida. A nan kuwa babu dokar da ta hana. Hasali ma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Nisa da tsoro da talauci ne suka tare wa 'yarmu hanya.

Maganin nisa kuwa magabata sun nuna mana shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji, suna kai wa matan ƙauye karatu har inda suke.

Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 500 a 2020 domin karatun 'yan mata. Kiranmu ga hukuma shi ne amfaninsa ya isa ƙauyuka irin Ruwan Godiya: sakandaren jeka-ka-dawo da yarinya za ta taka da ƙafa, mai katanga, da banɗakin mata, da malamai mata, da tsaro a hanya.

Ku kuma iyaye, magidancin da ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, ya tuna cewa ungozomar asibiti daga aji take fitowa. Hakimai, dagatai da limamai, ku sa baki. Duk wanda ke da 'ya a gida, ya sauke mata farantin talla, ya mayar da ita aji. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.