Awon Motsin Jiki a Kudancin Kano: Aikin Masana Harshe Ne Kafin Na Likita

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na shekarar 2020, ta shawarci kowane baligi da ya yi aikin motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Ta kuma bayyana cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba su cika wannan mudu ba. Mafi yawan irin waɗannan alƙaluma daga takardun tambayoyi suke fitowa, musamman IPAQ da GPAQ. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa suka fitar da fassarar Hausa ta gajeren IPAQ, wadda suka jarraba a Maiduguri. Aiki ne abin yabo, sai dai ma'aunin da aka gwada a birnin da Hausa take harshen hulɗa bai kamata a ɗauke shi ɗungurungum a kai ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba.

Matsalar farko tana cikin kalma. A kunnen Bahaushe, "motsa jiki" na nufin guje-guje da tsalle-tsalle da buga ƙwallo. Manomin masara a Doguwa wanda ya wuni yana huɗa, ko masuncin da ke tuƙa kwalekwale a madatsar Tiga, in aka tambaye shi ko yana motsa jiki, yana iya cewa a'a, kuma bai yi ƙarya ba. Haka matar da ke cikin kulle, wadda ta yi surfe da daka da jan ruwa a rijiya, za ta ce ta wuni a zaune, domin "zaman gida" a Hausa ba rashin motsi ba ne. Kalmar "zama" ita kanta ta haɗa mai ɗinkin hula da mai ɓarar gyaɗa da saurayin da ke danna waya a majalisa, alhali jikinsu ba abu ɗaya yake sha ba.

Ta biyu ita ce lokaci. IPAQ na tambaya kan kwanaki bakwai da suka wuce, GPAQ kuwa kan makon da aka saba, dukkansu da awa da minti. Mutumin karkara da hantsi da azahar da la'asar yake auna wuninsa, kuma ba shi da mako guda da aka saba: na damina daban, na kaka daban, na rani daban. Binciken da aka yi a watan Yuli da wanda aka yi a Maris za su ba da hoto biyu na mutum ɗaya.

Ana iya cewa na'urar auna motsi ta raba gardama. Amma wadda ake ɗaurawa a ƙugu ba ta kama aikin hannu sosai, ba ta kuma san nauyin itacen da aka ɗauko a ka ba. Daka, wanda yake jiƙa mace da gumi, zai wuce ta kusan shiru.

Kuskuren awo yana da farashi. In aka ƙaddara cewa duk ɗan karkara majiyin ƙarfi ne, za a makance ga sauyin da babur da injin niƙa da maganin feshin ciyawa suka kawo, hawan jini da ciwon sukari su shigo babu shiri. In kuwa aka rubuta matan karkara a matsayin marasa motsi, za a ɗora musu nasihar da ba su buƙata.

Saboda haka ya wajaba masana Hausa, musamman na Jami'ar Bayero, su zauna da masu binciken lafiya tun daga tsara tambaya: a tattaro sunayen ayyuka daga bakin masu yin su, a daidaita minti da lokutan salla, a maimaita awon a kowane yanayi na shekara. Tambayar da mai amsa bai fahimta ba, alƙaluman da ta haifa ba abin dogaro ba ne.